Kayan Ibadar Isra'ila ta Dā a Idon Kiristoci: Tarihin Ma'anar Akwatin Alkawari, Labule, Alkuki da Macijin Tagulla

Tsakure

Wannan maƙala ta bi diddigin yadda Kiristoci suka ba wa kayan ibadar Isra'ila ta dā ma'ana ta ruhaniya, tun daga ƙarni na 1 Miladiyya zuwa zamanin nan. Ta taƙaita ga Akwatin Alkawari da murfinsa, da labulen Wuri Mafi Tsarki, da alkuki mai fitilu bakwai, da macijin tagulla. Nazarin ya nuna cewa mafi yawan wannan tawili an gina shi ne a lokacin da kayan suka riga suka ɓace, kuma kowane zamani ya karanta su gwargwadon muhawarar da ke gabansa: matsayin Almasihu, da darajar Maryamu, da halascin siffofi a coci, da dangantaka da Yahudawa. Maƙalar ta kammala da cewa fahimtar wannan tarihi tana buƙatar a rarrabe abin da kayan suke nufi ga masu ibada da su da abin da aka ɗora musu daga baya.

Muhimman kalmomi: Akwatin Alkawari, Alfarwar Sujada, tawili, kaffara, tabot

1.0 Gabatarwa

Littafin Fitowa ya keɓe surori 13 cikin 40 ga Alfarwar Sujada da kayanta. Daga sura ta 25 zuwa ta 31 an jero umarnin yin su, daga ta 35 zuwa ta 40 kuma an maimaita bayanin yayin da aka aiwatar. Labarin halittar duniya bai samu ko kusa da wannan fili ba. Kiristocin farko sun gaji waɗannan surori a matsayin nassi mai tsarki, alhali ba su da alfarwa, ba su da bagade, ba sa kuma yanka hadaya. Tambayar da ta tsaya musu a gaba ita ce: me mai bi zai yi da awon katako da nauyin zinariya na kayan da ba zai taɓa amfani da su ba?

Hanyoyi biyu ne suka buɗe. Markiyon, wanda cocin Roma ya kora wajen shekarar 144, ya zaɓi a watsar da Tsohon Alkawari gaba ɗaya. Mafi yawan Kiristoci suka ƙi, suka riƙe nassin, suka ce kowane kaya a cikinsa inuwa ce ta wani abu da ya bayyana a cikin Yesu Almasihu. Wannan hanya ta biyu ita ce ta yi rinjaye, kuma tarihinta ne wannan maƙala ta bibiya.

Batun ba baƙo ba ne ga manazarcin Hausa. Aya ta 248 ta Suratul Baƙara ta ambaci Tabutu a matsayin alamar sarautar Ɗalutu, ɗauke da natsuwa da sauran abin da gidan Musa da gidan Haruna suka bari. Ke nan akwati guda ne addinai uku suka riƙe labarinsa, kowanne da irin karatun da ya yi masa.

2.0 Kayan Ibadar a Muhallinsu na Asali

Bisa ga Fitowa 25, an yi Akwatin Alkawari da wani itace na dangin bagaruwa, aka dalaye shi da zinariya ciki da waje. Tsawonsa kamu biyu da rabi, faɗinsa da tsayinsa kamu ɗaya da rabi, wato kusan santimita 112 da 67. Yana da zobba huɗu da ake zura sanduna a ciki domin ɗauka. A kansa akwai murfi na zinariya tsantsa mai suna kapporet da Ibrananci, da kerubobi biyu masu fukafukai suna fuskantar juna. Zabura ta 132 da Littafin Tarihi na Ɗaya sura ta 28 sun siffanta akwatin da matashin ƙafafun Ubangiji, wato sashen gadon sarautar Sarkin da ba a gani. Wannan ya dace da abin da aka sani a yankin. An samu gadon sarauta mai dabbobi masu fukafukai a zanen hauren giwa na Magiddo da kuma jikin akwatin gawar Sarki Ahiram na Biblos. A kabarin Tutankamun, wanda aka gano a 1922, an samu akwati mai sandunan ɗauka. Ajiye allunan alkawari a cikin akwatin kuma ya yi kama da al'adar Hittiyawa ta ajiye takardar yarjejeniya a ɗakin ibada gaban abin bauta.

Labule na lallausan lilin mai launin shuɗi da shunayya da ja shi ne ya raba Wuri Mai Tsarki da Wuri Mafi Tsarki. A gabansa akwai tebur mai gurasa 12 da ake sauyawa kowace Asabar, da bagaden ƙona turare, da alkuki na zinariya mai rassa shida da gindi guda, wanda aka yi wa ado da siffar furen almon. Babban firist kaɗai ke ƙetare labulen, sau ɗaya a shekara, a rana ta 10 ga wata na bakwai. Littafin Firistoci sura ta 16 ya bayyana cewa yakan shiga da hayaƙin turare domin ya rufe murfin, sannan ya yayyafa jinin bijimi da na bunsuru.

Masanin Littafin Firistoci, Jacob Milgrom, ya jawo hankali ga wani abu da ake yawan tsallakewa: a jikin kaya ake sa jinin hadayar zunubi, wato bagade da labule da murfi. A fahimtarsa, laifin jama'a yana ƙazantar da mazaunin Ubangiji, jinin kuma yana wanke mazaunin domin kada Ubangiji ya ƙaurace wa jama'arsa. Idan haka ne, aikin kayan a idon firistocin Isra'ila shi ne tabbatar da zaman Allah a tsakiyar al'umma a wannan duniya.

Macijin tagulla yana da nasa labarin. Littafin Ƙidaya sura ta 21 ya ce Musa ya kafa shi a kan sanda domin wanda maciji ya sara ya dube shi ya rayu. Littafin Sarakuna na Biyu sura ta 18 kuma ya ce Sarki Hezekiya, a ƙarshen ƙarni na 8 kafin Miladiyya, ya farfasa shi saboda mutane sun koma ƙona masa turare. Tun a cikin nassin, kaya guda ya zama magani a wani zamani kuma ya zama gunki a wani.

3.0 Ɓacewar Kayan

Sojojin Babila sun ƙone Haikalin Sulemanu a shekarar 587 ko 586 kafin Miladiyya. Jerin ganimar da ke cikin Sarakuna na Biyu 25 da Irmiya 52 ya ƙirga ginshiƙai da tukwane da cokula, amma bai ambaci Akwatin Alkawari ba. Daga nan akwatin ya fita daga tarihi. Irmiya 3 ya yi annabcin zamanin da ba za a ƙara tunawa da shi ko a sāke yin wani ba. Makabiyawa na Biyu kuwa ya kawo riwayar cewa Irmiya ne ya ɓoye shi a kogon dutsen da Musa ya hau, har ranar da Allah zai tara jama'arsa.

Haikali na Biyu, wanda aka kammala wajen 515 kafin Miladiyya, ya yi kusan ƙarni shida Wuri Mafi Tsarki nasa babu akwati. Marubucin Roma Tasitus ya ruwaito cewa lokacin da Janar Fomfe ya kutsa ciki a 63 kafin Miladiyya bai tarar da wata siffa ba. Yusifus, wanda shi kansa ɗan gidan firistoci ne, ya tabbatar da cewa babu kome a ɗakin. Littafin Mishna ya ce wani dutse ne ya rage a wurin, a kansa babban firist yake aje kaskon turare.

Sauran kayan ma ba su tsira ba. Antiyokus na Huɗu ya kwashe alkuki da tebur da bagaden zinariya a 169 kafin Miladiyya, Yahuza Makabi ya sa aka yi sababbi a 164. Waɗannan ko magadansu ne Titus ya kwashe bayan rushe Haikali a shekarar 70 Miladiyya, aka zagaya da su titunan Roma a bikin nasara na 71, aka ajiye su a Haikalin Salama na Sarki Basfasiyan. Siffar alkukin da teburin tana nan har yau a jikin Ƙofar Titus.

Kafin Kiristoci su fara nasu tawilin, Yahudawa masu jin Girkanci sun riga sun share hanya. Filo na Iskandariya ya ce fitilu bakwai suna wakiltar taurari bakwai masu tafiya, rana a tsakiyarsu, launukan labule huɗu kuma suna wakiltar ƙasa da ruwa da iska da wuta. Yusifus ya ƙara da cewa gurasa 12 watannin shekara ne. A wurinsu Alfarwa ƙaramar siffar duniya ce.

4.0 Sabon Alkawari: Daga Kaya zuwa Mutum

Sauyin da Kiristoci suka kawo ya fara da kalma guda. Masu fassara Attaura zuwa Girkanci a Iskandariya, wajen ƙarni na 3 kafin Miladiyya, sun kira murfin akwatin hilasterion, wato wurin kaffara, domin sun danganta kapporet da tushen kalmar Ibrananci mai nufin wanke laifi. Tushen nan ɗan uwa ne ga na Larabci wanda Hausa ta aro kalmar kaffara daga gare shi. Bulus, a wasiƙarsa zuwa ga Romawa wajen shekarar 57, ya yi amfani da wannan kalma ga Yesu kansa a sura ta 3. Masana har yau suna saɓani kan ko murfin yake nufi kai tsaye ko hadayar kaffara gaba ɗaya, amma Orijin da waɗanda suka biyo shi sun fahimce ta da ma'anar murfin. Ta haka wurin da ke ɓoye bayan labule ya koma mutumin da aka gicciye a bainar jama'a.

Wasiƙa zuwa ga Ibraniyawa ita ce ta shimfiɗa tsarin sosai. Marubucinta, wanda ba a san sunansa ba, bai yi magana a kan Haikalin Hirudus ba. Ya koma ga Alfarwar hamada, ya kafa hujja da ayar ƙarshe ta Fitowa 25 inda aka umarci Musa ya bi fasalin da aka nuna masa a kan dutse. Tun da akwai fasali, in ji shi, to akwai na asali a sama, na ƙasa kwafi ne. Yesu shi ne babban firist da ya shiga na asalin sau ɗaya da jinin kansa, saɓanin shigar kowace shekara. A sura ta 10 ya kamanta labulen da jikin Almasihu, abin da ya haɗu da riwayar Markus da Matiyu da Luka cewa labulen Haikali ya tsage a lokacin mutuwar Yesu.

Abubuwa biyu a sura ta 9 sun cancanci lura. Na farko, marubucin ya sa tulun manna da sandan Haruna a cikin akwatin, alhali Sarakuna na Ɗaya sura ta 8 ta ce alluna biyu kaɗai ne a ciki, Fitowa 16 da Ƙidaya 17 kuma sun ce a gaban allunan shaida aka aje su. Wannan ya nuna cewa daga nassi da riwaya yake siffanta kayan, domin babu mai rai a zamaninsa da ya taɓa ganin akwatin. Na biyu, bayan ya jero kayan sai ya ce ba lokacin yin bayaninsu dalla-dalla ba ne. Ƙofar da ya bari a buɗe ita ce malaman ƙarnonin da suka biyo baya suka yi ta shiga.

Bisharar Yahaya ta bi wata hanya. A sura ta 1 ta yi amfani da kalmar Girkanci mai ma'anar kafa alfarwa wajen bayyana zaman Kalma a cikin mutane, a sura ta 2 ta kira jikin Yesu haikali, a sura ta 3 ta kamanta ɗaga macijin tagulla da ɗaga shi a kan gicciye. Littafin Wahayi kuma ya mai da alkukai bakwai ikilisiyoyi bakwai na Asiya Ƙarama, turare ya zama addu'o'in tsarkaka, akwatin da ya ɓace ya bayyana a haikalin sama. A ƙarshen littafin, sabuwar Urushalima ba ta da haikali sam.

5.0 Iyayen Ikilisiya da Malaman Tsakiyar Zamani

Wasiƙar Barnaba, wadda aka rubuta tsakanin 70 da 135, ta kai tawilin maƙura. Ta yi da'awar cewa Yahudawa sun yi kuskure tun farko da suka ɗauki umarnin hadaya a zahirinsa. Cocin bai karɓi wannan ra'ayi a matsayin koyarwa ba, amma muryarsa ta daɗe tana amo a wa'azi.

Orijin na Iskandariya, wanda ya rasu wajen 253, ya juya tawilin zuwa cikin zuciya. A wa'azinsa kan Fitowa ya kira kowane mai bi ya gina alfarwa a ransa, zinariya ta zama bangaskiya, azurfa ta zama kalmar wa'azi, tagulla ta zama haƙuri. Giregori na Nisa, a littafinsa kan rayuwar Musa a ƙarshen ƙarni na 4, ya ce alfarwar da Musa ya gani a cikin duhun dutse ita ce Almasihu, wanda ba a halicce shi ba amma ya yarda a kafa shi cikin jiki. An rubuta wannan ne bayan taron Nikiya na 325 da na Kustantiniya na 381, kuma hujja ce a muhawarar allahntakar Almasihu. Daga nan itacen akwatin da zinariyarsa suka zama misalin mutuntaka da allahntaka a mutum guda.

Malaman Antakiya, irin su Tiyodor na Mofsuwestiya wanda ya rasu a 428, sun yi tsayayya da wannan sakin linzami. Sun yarda akwai alamu a Tsohon Alkawari, amma sun nace sai an kiyaye ma'anar tarihi. Wannan taka-tsantsan bai hana wani mai bin tafarkinsu, ɗan kasuwar Iskandariya Kosmas, wajen 550, ya kafa hujja da Alfarwa cewa duniya shimfiɗaɗɗiya ce mai siffar akwati ba. Yohanna Filofonus, Kirista ɗan garinsu, ya yi raddi ga wannan ra'ayi.

Bayan taron Afisa na 431, wanda ya tabbatar wa Maryamu laƙabin mahaifiyar Allah, akwatin ya samu sabuwar ma'ana. Masu wa'azi suka lura da kamanni tsakanin Sama'ila na Biyu sura ta 6 da Luka sura ta 1: akwatin ya yi wata uku a gidan Obed-edom, Maryamu ta yi kusan wata uku a gidan Alisabatu, Dawuda ya yi rawa gaban akwatin, jaririn Alisabatu ya motsa a ciki. Akwatin ya ɗauki kalmar Allah a rubuce, Maryamu ta ɗauke ta a jiki. Sandan Haruna da ya yi toho ba tare da an dasa shi ba ya zama alamar haihuwar budurwa. Laƙabin Akwatin Alkawari yana cikin addu'ar Loreto da Fafaroma Siktus na Biyar ya amince da ita a 1587.

A arewacin Ingila, Beda, wanda ya rasu a 735, ya rubuta cikakken sharhi kan Alfarwa aya bayan aya, inda ya ɗauke ta a matsayin cocin da ke tafiya a hamadar duniya. Toma Akwinas kuwa, a ƙarni na 13, ya ba kowane kaya dalili biyu, na zahiri da na alama, kuma a na zahirin ya dogara ƙwarai ga malamin Yahudawa Musa ɗan Maimun.

6.0 Kerubobi da Maciji a Rikicin Siffofi

Inda wannan tawili ya taɓa rayuwar mutane kai tsaye shi ne rikicin siffofi na daular Rumawan Gabas, daga wajen 726 zuwa 843. Masu fasa hotuna sun kafa hujja da dokar da ta haramta sassaƙa siffa. Yohanna na Dimashƙa, wanda ya yi rubutu a ƙarƙashin mulkin Umayyawa inda sarkin Kustantiniya ba shi da iko da shi, ya mayar da martani da cewa Allah da ya ba da dokar shi ne ya umarci a ƙera kerubobi a kan murfin. Taron Nikiya na Biyu a 787 ya karanta ayoyin kerubobi cikin hujjojinsa na halasta girmama hotuna.

Fadar Sarki Shalaman ba ta gamsu ba. Tiyodulf, bishop na Oleyan, ya rubuta dogon raddi wajen 793, inda ya ce akwatin da kerubobinsa keɓantattu ne domin da umarnin Allah aka yi su, don haka ba za su zama hujja ga hotunan da ɗan Adam ya ƙirƙira ba. Da ya gina ɗakin addu'arsa a Germigny-des-Prés a Faransa wajen 806, sai ya sa aka zana Akwatin Alkawari a rufin da ke bisa bagade, wurin da aka saba sa siffar Almasihu. Zanen yana nan har yau. Nassi guda ya zama hujjar ɓangarorin biyu.

Haka aka maimaita a ƙarni na 16. A 1522 Andreas Karlstadt ya buga takarda a Witimbag yana neman a fitar da siffofi daga coci. Martin Luta ya dawo garin a watan Maris na shekarar, ya yi wa'azi cewa yin siffa ba laifi ba ne sai in an yi mata sujada, ya kafa hujja da kerubobi da macijin Musa. Masu fasawa kuwa suna da Hezekiya. Luta ya fassara kapporet da kalmar Jamusanci mai ma'anar kujerar alheri, William Tyndale ya bi shi a fassararsa ta Ingilishi ta 1530 da kalmar da ke nufin kujerar jinƙai. Ta wannan fassara murfin akwati ya zama taƙaitaccen bayanin koyarwar samun ceto ta alheri. Kalbin, a nasa ɓangaren, ya gargaɗi masu neman asiri a kowane zobe da kowane ƙugiya na Alfarwa.

7.0 Habasha: Inda Alamar ta Koma Kaya

Cocin Orthodox na Habasha ya bi wata hanya dabam. Littafin Kebra Nagast, wanda aka tsara da harshen Ge'ez a ƙarni na 14, ya ruwaito cewa Menelik, ɗan Sulemanu da Sarauniyar Sheba, ya taho da akwatin zuwa Habasha, kuma cocin ya yi imani yana ajiye a Aksum ƙarƙashin kulawar mai tsaro guda. Kowane coci yana da nasa tabot, allo na itace ko dutse da ke wakiltar akwatin da allunansa. Shi ake keɓewa, kuma in babu shi gini bai zama coci ba. Firistoci ne kaɗai ke ganinsa. A bikin Timkat na watan Janairu ana fito da shi a lulluɓe a kan kai, ana rawa a gabansa kamar yadda Dawuda ya yi.

Wannan ya sa batun ya shiga siyasar yau. Sojojin Birtaniya sun kwashi tabot da dama bayan yaƙin Magdala a 1868. Gidan tarihi na Birtaniya da ke Landan yana riƙe da guda 11 waɗanda ba a nuna wa jama'a. A 2002 wani coci a Edinbara ya mayar da guda ɗaya, aka tarbe shi da gagarumin taro a Addis Ababa. Ga mai ziyarar gidan tarihi katako ne mai rubutu, ga mai ibada kuwa mazaunin Allah ne da ke hannun baƙi.

8.0 Binciken Zamani da Nauyin Tawili

A 1685 John Spencer na Kambirij ya kawo hujjar cewa da yawa daga al'adun ibadar Isra'ila suna da asali a Masar. Julius Wellhausen, a 1878, ya ce Alfarwar Fitowa siffar Haikalin Sulemanu ce da firistocin zamanin bauta a Babila suka mayar baya zuwa hamada. Wasu masana sun ƙalubalance shi da shaidar ɗakunan ibada na tanti a yankin, kamar wanda aka tono a Timna a kudancin Negeb, inda aka samu ƙaramin maciji na jan ƙarfe. A daidai wannan ƙarni na 19 kuma, Patrick Fairbairn na Sukotlan ya yi ƙoƙarin sa wa tawili ƙa'ida, masu wa'azin farfaɗo da addini a Birtaniya da Amurka kuma suna koyar da bishara da ƙananan samfurin Alfarwa.

Tambaya mafi nauyi ta taso ne bayan kisan ƙare dangi da aka yi wa Yahudawan Turai. Kalmar inuwa tana iya nufin alkawarin abin da ke tafe, tana kuma iya nufin abin da aka gama da shi. A ƙofar babban cocin Strasbourg akwai mutum-mutumi biyu na ƙarni na 13: Coci da kambi a kai, Majami'ar Yahudawa a ɗaure da ido, mashinta a karye, alluna suna suɓuce mata. Sanarwar Nostra Aetate ta taron Batikan na Biyu a 1965 ta ƙi a gabatar da Yahudawa a matsayin waɗanda Allah ya yasar. Su kuwa Yahudawa ba su taɓa sakin waɗannan kaya ba. Ma'ajiyar Attaura a majami'a tana ɗauke da sunan akwatin da labule a gabanta, an zana labarin akwatin a bangon majami'ar Dura-Europos a Siriya wajen 245, alkukin kuma shi ne tambarin ƙasar Isra'ila tun 1949.

9.0 Kammalawa

Nazarin ya nuna cewa ma'anar da Kiristoci suka ba kayan ibadar Isra'ila ta ginu ne hawa-hawa. Sabon Alkawari ya ɗora murfi da labule da maciji a kan mutuwar Yesu. Orijin ya kai Alfarwa cikin ran mai bi, Giregori ya sa ta cikin muhawarar allahntaka, masu wa'azin bayan Afisa suka ba Maryamu akwatin, Yohanna na Dimashƙa da Tiyodulf suka ja kerubobi kowa zuwa ɓangarensa, Habasha kuma ta mayar da alamar abin da ake ɗauka a kai. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya ga akwatin Musa, kuma rashinsa ne ya ba su sararin magana.

Ga manazarci, abin da ya biyo baya shi ne buƙatar rarrabe matakai uku a duk lokacin da aka ce wani kaya yana nufin kaza: abin da firistocin Isra'ila suka yi da shi, da abin da marubutan Sabon Alkawari suka faɗa a kansa, da abin da malamai suka ƙara daga baya. Haɗa su wuri guda yana ɓatar da tarihin Isra'ila, yana kuma ɓoye ƙoƙarin tunanin da Kiristoci suka yi. Tun da aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, masu fassara da masu wa'azi da wannan harshe suna fuskantar zaɓin da ya fuskanci mutanen Iskandariya da Luta: a kira kapporet murfi kawai, ko a sa kaffara da jinƙai cikin sunansa. Yadda fassarorin Hausa suka warware wannan zaɓi, da yadda tafsirin Tabutu a hannun malaman Musulunci ya haɗu ko ya rabu da riwayoyin Yahudawa da Kiristoci, fili ne da ya cancanci bincike na musamman.